Tambayoyin Masu Karatu: Me Ke Ingiza Ƙarin Ciwon Daji Ya Yi Ta Girma?

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata ne ga abu guda, wato dalilin da ke sa ƙarin ciwon daji ya yi ta girma babu tsayawa. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun jera su ta yadda amsar kowace za ta share wa ta gaba hanya. Bayanin da ke nan ba ya maye gurbin shawarar likitan da ya duba majinyaci da kansa.

TAMBAYA: An ɗebi tsoka daga ƙarin da ke maman yayata an yi gwaji, sai sakamako ya fito ɗauke da rubutun HER2 da lamba 3+. Likita ya ce irin wannan yana saurin girma, amma kuma ya ce akwai maganin da aka yi musamman dominsa. Mene ne HER2, kuma ta yaya abu guda zai zama abin tsoro da abin farin ciki a lokaci ɗaya?

AMSA: Malama, Allah ya ba yayarki lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin mu iso kan HER2 dole mu fara da yadda lafiyayyen jiki yake tafiyar da girmansa, domin a nan tushen maganar yake. Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa gida biyu don raɗin kanta, sai an aiko mata da izini. Izinin yana zuwa ne a matsayin wasu ƙananan furotin da maƙwabtan ƙwayoyi ko wata gaɓa mai nisa ke fitarwa, waɗanda masana ke kira sinadaran girma. Idan mutum ya yanke a yatsa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan saki ɗaya daga cikinsu mai suna PDGF, wanda yake cikin masu umartar ƙwayoyin da ke kewaye da raunin su hayayyafa su cike gurbin, kuma da zarar rauni ya haɗe sai sinadarin ya ja baya, hayayyafar ta tsaya.

Wata masaniya 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ita ce ta fara gano irin waɗannan sinadarai a farkon shekarun 1950, bayan ta lura cewa idan aka dasa ƙarin ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyin ɗan tsakon sukan yi ta tsiro fiye da kima. Abokin aikinta Stanley Cohen ya biyo baya a 1962 da wani sinadarin da ya tace daga gaɓar da ke samar da miyau a jikin ɓera: duk jaririn ɓeran da aka yi wa allurarsa sai idanunsa su buɗe, haƙoransa su fito kwanaki da dama kafin lokaci. Wannan shi ne EGF, kuma su biyun sun raba kyautar Nobel a 1986.

Sinadarin girma ba ya shiga cikin ƙwaya ya yi aikin da kansa. A jikin fatar kowace ƙwaya akwai wasu furotin da rabinsu ke waje rabinsu ke ciki, mu kira su makarɓan saƙo. Idan sinadarin ya sauka a kan makarɓinsa, sai makarɓa biyu su haɗe, ɓangarensu na ciki ya farka ya tayar da wani furotin mai suna RAS, RAS ya tayar da RAF, RAF ya tayar da MEK, MEK ya tayar da ERK, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar inda DNA take, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke sa ƙwaya ta kwafi kanta ta rabu biyu. Ki riƙe wannan jeri da kyau, domin dukkan amsoshin da ke tafe a kansa suka rataya.

HER2 ɗaya ne daga cikin waɗannan makarɓa, ɗan gida ɗaya ne da makarɓin EGF, kuma kowace mace da kowane namiji suna da shi. Umarnin ƙera shi, wato ƙwayar gadonsa, yana kan kuromosom na 17 (kuromosom ƙunshin DNA ne da ke cikin cibiyar ƙwaya), kwafi biyu a kowace ƙwaya. A kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon dajin mama, ƙwayar ƙarin takan kwafi wannan umarni sau da yawa bisa kuskure, don haka maimakon makarɓa 'yan dubbai sai fatarta ta cika da su har su kai miliyan ɗaya ko biyu. Cunkoson kaɗai ya isa ya sa su riƙa haɗuwa da juna suna aika saƙon rabuwa alhali babu sinadarin da ya aiko su. Lamba 3+ da kika gani tana nufin an sami makarɓan da yawa ƙwarai. Ma'aunin yana tashi ne daga 0 zuwa 3+, kuma wanda ya faɗa a 2+ akan ƙara masa wani gwajin don tabbatarwa.

Likita Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna a 1987 cewa matan da ƙarinsu ke da wannan yawa ciwonsu ya fi saurin dawowa. Wannan shi ne ɓangaren tsoron. Ɓangaren farin cikin kuwa shi ne, tunda makarɓin a waje yake, magani yana iya kai masa. An ƙera wani furotin irin na garkuwar jiki mai suna trastuzumab, wanda ake sayarwa da sunan Herceptin, yana maƙalewa a jikin HER2, ya rage saƙon da yake aikawa, ya kuma jawo hankalin garkuwar jiki ga ƙwayar. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, kuma tun daga lokacin makomar masu wannan nau'in ta sauya sosai. Idan ciwon bai bazu ba, galibi akan ba da shi na tsawon shekara guda, ana somawa tare da sauran magungunan ciwon daji, wato kansa. Yana iya raunana zuciya ga wasu, shi ya sa za ki ga ana yi wa yayarki hoton zuciya lokaci zuwa lokaci, kuma ina roƙonki ki taya ta kiyaye waɗannan ranaku.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu ya ce kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin gado masu haddasa kansa. Idan haka ne, me ya sa ba kowa ke kamuwa ba?

AMSA: Ɗana, malaminku ya yi gaskiya, sai dai maganar tana buƙatar ɗan gyara. Abin da kowa ke ɗauke da shi lafiyayyun ƙwayoyin gado ne masu tafiyar da girma, waɗanda ba za a rayu ba tare da su ba; sai sun lalace ne suke komawa masu haddasa kansa, abin da masana ke kira onkojin. Yadda aka gano haka labari ne mai tsawo da ya soma daga kaza.

A 1911 Peyton Rous na Cibiyar Rockefeller da ke New York ya niƙa ƙarin da ya ciro daga ƙirjin wata kaza, ya tace ruwan ta matacin da ƙwayar halitta ba za ta iya wucewa ba, ya yi wa wasu kajin allurarsa, su ma ƙari ya fito musu. Ke nan bairos ne ke ɗauke da cutar. Masana da yawa na zamaninsa sun ɗauki abin a matsayin matsalar kaji kawai, kuma sai a 1966, bayan shekara 55, aka ba shi kyautar Nobel yana tsoho tukuf. Daga baya an gano cewa ƙwayar gado guda a cikin bairos ɗin, mai suna SRC, ita ce ke aikin. Sai a 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu a San Francisco suka gano abin da ya juya fagen baki ɗaya: lafiyayyar kaza ma tana da SRC a jikinta, daga baya kuma aka same ta a sauran dabbobi da mutum. Ashe bairos ɗin ɗauko ta ya yi daga jikin kaza tun can da, ta lalace a hannunsa. Sun sami Nobel a 1989.

Daga nan abubuwa suka riƙa haɗuwa da sauri. A 1983 aka ga cewa wata onkojin ta bairos ɗin biri kusan kwafi ce ta PDGF, sinadarin nan mai warkar da rauni. A 1984 aka ga cewa wata ta bairos ɗin kaza makarɓin EGF ce da aka guntule wa ɓangaren waje, ta yadda take aika saƙo ba tare da jiran kowa ba. Fanni biyu da ake zaton ba su haɗa hanya ba, na masu binciken girma da na masu binciken kansa, sai ga shi abu ɗaya suke dubawa. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin darasi a duk fagen: ƙwayar kansa tana amfani ne da kayan aikin da jiki ya tanada don girma da warkar da rauni.

Lalacewar tana zuwa ta hanyoyi daban-daban. Ka riga ka ga ta yawan kwafi a amsar da ta gabata. Akwai ƙarin da ke ƙera wa kansa sinadarin girma ya kuma karɓe shi da kansa, kamar yadda ake gani a wasu nau'o'in kansar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma kuskuren harafi guda. A 1982 ɗakunan bincike uku a Amurka suka ciro onkojin daga ƙwayoyin kansar mafitsara ta mutum, aka ga RAS ce, kuma bambancinta da lafiyayyar harafi ɗaya ne tak na DNA, wanda ya sauya tubali na 12 a jikin furotin ɗin. RAS kamar makunnin wutar lantarki yake, da bambancin cewa yana kashe kansa jim kaɗan bayan an kunna shi. Wannan ɗan kuskure yana sa makunnin ya maƙale a kunne, wuta ta yi ta ci dare da rana. Ana samun lalatacciyar RAS a kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan cututtukan daji, a kimanin kashi 40 cikin 100 na kansar babban hanji, da kusan kashi 90 cikin 100 na kansar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin.

Hanya ta ƙarshe da zan ambata ita ce karyewar kuromosom. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford a birnin Philadelphia suka ga wani gajeren kuromosom a jinin masu wani nau'in kansar jini da ake kira CML, kuma a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsattsari. A wurin haɗuwar an sami sabuwar ƙwayar gado, BCR-ABL, mai ƙera furotin da ba ya hutawa. Makamancin haka ke faruwa a kansar yara da likitan fiɗa Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda ke kumbura muƙamuƙi: ƙwayar gado mai suna MYC takan taso daga kuromosom na 8 ta koma galibi na 14, kusa da umarnin ƙera furotin na garkuwar jiki, wurin da a kullum yake a kunne cikin wasu fararen ƙwayoyin jini. Ita MYC ɗin lafiyarta ƙalau, zaman da ta yi a wurin da ba nata ba ne ya jawo ɓarnar. Wannan ƙari yana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam, duk da haka yana jin magani sosai idan an fara da wuri.

Dalilin da ya sa ba kowa ke kamuwa ba kuwa, ka karanta amsar da ke biye.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu sakamakon kansar hanji yana da shekara 70. Shin mun gaji waɗannan ƙwayoyin gado daga gare shi, kuma shin lalacewar guda ɗaya ta isa ta kawo ciwon?

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Mafi yawan lalacewar da muke magana a kai tana faruwa ne a cikin ƙwaya guda ta hanji ko huhu ko mama a tsawon rayuwar mutum, sakamakon kuskuren kwafin DNA, ko hayaƙin taba, ko hasken rana mai tsanani, ko wasu ƙwayoyin cuta. Irin wannan ba ta shiga maniyyi ko ƙwan mace, don haka ba a gadonta. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne na cututtukan daji ke da tushe a gado, kuma alamunsu su ne kamuwa tun da ƙuruciya ko samun 'yan uwa na jini da dama da ciwo iri ɗaya. Duk da haka, wanda mahaifinsa ya yi kansar hanji haɗarinsa ya ɗara na sauran mutane, saboda haka ya kamata ku gaya wa likita domin ya tsara muku lokacin fara duba hanji.

Lalacewa guda ba ta isa ba, kuma hujja mafi sauƙi tana jikin fatarka. Yawancin tawadar Allah da ke fitowa a fatar mutum tana ɗauke da lalatacciyar BRAF, wani nau'in RAF, irin lalacewar da ake samu a kusan rabin masu muguwar kansar fata ta melanoma, amma tawadar takan yi ɗan girma ta tsaya har ƙarshen rayuwa. Abin da ke tsayar da ita wani rukuni ne na ƙwayoyin gado masu hana ƙari. Mafi shahara a cikinsu ita ce p53, wadda idan ta ji saƙon girma ya wuce kima ko DNA ta lalace sai ta dakatar da rabuwa, in kuma gyara ya gagara ta sa ƙwayar ta kashe kanta. Ana samunta a lalace a kusan rabin dukkan cututtukan daji. Akwai wani bambanci da ya kamata a sani: onkojin kwafi ɗaya ya ishe ta ta yi ɓarna, amma mai hana ƙari galibi sai kwafinta biyu sun lalace, abin da Alfred Knudson ya hango a 1971 daga nazarin kansar idon yara. Yawancin kansar da ake gado, kamar ta BRCA1 da BRCA2 masu alaƙa da kansar mama, daga wannan rukuni take fitowa, inda ake haihuwar mutum da kwafi ɗaya a lalace.

A kansar hanji musamman, binciken Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna matakan da aka fi bi: APC, wata mai hana ƙari, ta lalace wani ɗan tsiro ya fito, KRAS, wani nau'in RAS, ta lalace tsiron ya girma, p53 ta lalace ya rikiɗe ya zama kansa. Tafiyar takan ɗauki shekara 10 ko fiye, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga manya, shi ya sa kuma cire tsiron tun yana ƙarami yake hana ciwon aukuwa.

TAMBAYA: Na ji ana cewa ƙari yana shan jinin mutum. Gaskiya ne?

AMSA: Malam, da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙari ba ya iya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya sami hanyoyin jini na kansa, kamar yadda Judah Folkman ya yi hasashe a 1971. Idan iska ta yi wa ƙwayoyin tsakiyarsa ƙaranci sai su saki sinadarin girma mai suna VEGF, wanda ke jawo sababbin hanyoyin jini su tsiro zuwa gare shi, kuma onkojin irin su RAS suna ƙara yawan sinadarin. Maganin bevacizumab, da aka amince da shi a 2004, yana kama VEGF, sai dai amfaninsa ya zo ƙasa da abin da aka yi fata: yakan jinkirta ciwon, ba ya warkar da shi. Ƙarancin jinin da majinyata ke fama da shi kuwa yana da wasu dalilai, ciki har da zubar jini a hankali daga ƙarin da kuma tasirin magunguna a kan ɓargo.

TAMBAYA: Mijina ba ya shan taba, amma an gano yana da kansar huhu. An ba shi wata ƙwaya da yake sha kullum, ƙarin ya lafa sosai, sai bayan shekara guda ya soma dawowa. Wani majinyacin mai ciwo iri ɗaya kuma ba a ba shi ƙwayar ba sam. Ina dalili?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar jinya. Ba ki faɗi sunan maganin ba, amma bayaninki ya yi kama da na masu lalacewa a makarɓin EGF. A 2004 aka gano cewa majinyatan kansar huhu da ke jin maganin gefitinib su ne waɗanda makarɓinsu ya lalace ta yadda yake a kunne koyaushe, kuma an fi samun haka ga marasa shan taba. Irin wannan ƙari, duk da sauran kurakuran da ya tara, yakan dogara da onkojin guda har ta zama numfashinsa, idan aka toshe ta sai ya durƙushe. Misali mafi kyau shi ne imatinib, da aka amince da shi a 2001 don toshe BCR-ABL: fiye da kashi 80 cikin 100 na masu CML da suka fara da shi a babban gwajinsa suna raye bayan shekara 10, alhali a da cutar kan kashe yawancin masu ita cikin 'yan shekaru.

Ɗaya majinyacin mai yiwuwa ne nasa kuskuren a wani wuri yake. Ki tuna jerin nan daga makarɓi zuwa RAS zuwa RAF: idan lalacewar a RAS take, wato ƙasa da makarɓin, toshe makarɓin ba ya hana saƙon tafiya. Wannan ne ya sa a kansar hanji ba a ba da cetuximab, maganin da ke toshe makarɓin EGF, sai an gwada an tabbatar RAS lafiya take. RAS ɗin kanta ta gagari masu haɗa magunguna kusan shekara 40, sai a 2021 aka amince da sotorasib, shi ma nau'in kuskure guda yake kamawa, wanda ake kira G12C.

Dawowar ciwon kuwa tana da nasaba da yawan ƙwayoyin. Ƙarin da faɗinsa ya kai santimita ɗaya yana iya ƙunsar ƙwayoyi ɗaruruwan miliyoyi, kuma ba dukkansu ne iri ɗaya ba. Maganin yana kashe masu jinsa, 'yan ƙalilan da ke da wani ƙarin kuskure su tsira su hayayyafa su cike gurbin. Ga masu shan magungunan farko irin su gefitinib da erlotinib, kimanin rabin waɗanda ciwonsu ya dawo suna da sabon kuskure mai suna T790M, wanda ke rage wa maganin ƙarfin kama makarɓin. An yi maganin osimertinib saboda wannan, an amince da shi a 2015, kuma yanzu da shi ake farawa a wurare da yawa. A wasu majinyatan kuma ƙarin yakan kauce ya bi ta wani makarɓin daban mai suna MET. Tunda dalilin dawowar ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ki tambayi likitansa ko za a sake ɗibar tsoka, ko a yi gwajin jinin da ke gano gutsattsarin DNA na ƙari, domin sakamakon ne zai nuna maganin da ya kamata a koma kansa. Kafin nan kada maigida ya daina shan ƙwayar da kansa, domin tsayar da ita farat ɗaya kan sa ƙwayoyin da har yanzu ke jinta su farfaɗo cikin 'yan kwanaki ko makonni.